Doña Provi da Rimin da Ya Faɗi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsakiyar darasi aka leƙo aji aka ce Doña Providencia Maldonado ta cika a asibitin gari. Na ajiye alli na zauna. Wanda ya ba mu ita ya karɓi abarsa.

Doña Provi, yau da ke zan yi magana, tunda kin sha yi mini tsiya cewa bakina a gaban yara kawai yake aiki.

Mu mutanen tsaunukan Utuado ba mu saba kwatance da lamba ba. In baƙo ya tambayi gida, sai a ce ya wuce rimi, ya karya dama daidai shagon Don Chago. Guguwa ta tumɓuke rimin, shagon ya zama kango, amma bakinmu bai daina ba. Ranar da mijinki Don Eulogio ya yanke jiki ya faɗi a gonar kofi, kin kira lambar gaggawa, kin yi kwatance irin namu. Direban motar asibiti ɗan birni ne. Ya yi ta hawa da gangara yana neman bishiyar da babu ita. Kafin ya iso, rai ya yi halinsa.

Ba ki zagi kowa ba. Bayan addu'ar kwana tara kika zo makaranta da takardar kuɗin wayarki, kika ɗora yatsa kan ɗan ƙarin da ake cira duk wata don kiran gaggawa. Kika ce, "Malama, kuɗin nan ya yi aikinsa. An ɗaga waya, an turo mota. Mu ne muka ɓoye kanmu."

A lokacin ana ta gangamin a soke ƙarin, kuma maƙwabcinki Don Nicanor, wanda ya riƙe 'yarki ranar baftisma, shi ne kan gaba. Saboda zumuncin baftismar nan kuke kiran juna Comay da Compay. Ina harabar coci ranar da ya ce, "Comay, ni ban taɓa kiransu ba, don me zan biya?"

Kika ce, "Compay, tikitin cacar da kake saye duk mako, sau nawa ya kira ka?"

Har limamin coci sai da ya juya baya yana dariya.

Kin yi ta sintiri a ofisoshi har aka turo ma'aikata suka sa gidajenmu a taswira, suka ba kowane gida lamba. Fenti kuwa ni da ɗalibaina muka shafa, ke kina biye da mu da kofi da soyayyar ayaba, kina gyara mana duk lambar da ta karkace. Na daɗe ina koyar da darasin zaman tare, amma a kan ƙofofin nan yaran suka gane shi: abin da ka fitar wannan watan, wataƙila wata baƙuwa ce a wani gari za ta rayu da shi. Don Nicanor kaɗai ya hana a taɓa ƙofarsa. Ya ce, "Kowa ya san gidana." Kika ce, "Rimin ma kowa ya san shi."

Da kika faɗi kina ban ruwa a lambunki, shi ya fara ganinki. Ya gaya mini da bakinsa cewa da ya kira lambar gaggawa aka ɗaga waya har ya soma cewa "bayan rimi", sai idonsa ya sauka kan shuɗin fentin ƙofarki. Ya karanta lambar. Motar ba ta ɓata ba.

Likitoci ba su iya riƙe ki ba. Amma kin kai har 'yarki Iris Nereida ta iso daga can birnin Orlando ta kama hannunki, kika yi mata sallama. Don Eulogio bai sami wannan ba.

Washegarin jana'iza Don Nicanor ya zo makaranta, hula a hannu. Ya ce, "Malama, ko akwai sauran fentin nan?"

Akwai, Doña Provi. Mun shafa.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya haɗa ki da Don Eulogio a wurin hutawa. Iris Nereida da 'ya'yanta, da dukan dangin Maldonado, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa duk ranar da muka yi kira a same mu.