Ƙwaryar Goggo Dije

Ku ajiye soso, 'ya'yan nan, ku ara mini kunnuwanku. Har gobe ban manta da ranar da tsafta ta sa na yi ɓarna ba.

Lokacin ina wanke-wanke a wurin tara madara na ƙungiyar mata a Rano. Dokar aikina guda ce: duk mazubin da madara ta taɓa, sai ruwan zafi da omo.

Akwai wata tsohuwar Bafulatana daga rugar bayan Lausu, Goggo Dije. Kindirmonta ya yi suna, har masu ciwon ciki ke aikawa a sayo. Sai wata mai bincike, Malama Hadiza, ta zo daga Kano. Ta ce mana a cikin nono akwai halittun da ido ba ya gani. In sun sauka hanji, su da 'yan'uwansu na can sukan ci dusar hatsi, su fitar da wani maiƙo mai ciyar da hanjin. Ta roƙi Goggo ta kawo ƙwaryarta a ɗebi iri, wato guntun tsohon nonon da ake ɗaura sabo da shi. Kunnena ya ji, hankalina yana kan tukunya.

Ranar Alhamis na dawo daga famfo, na tarar da wata baƙar ƙwarya ɗinkakkiya a kan benci, da tsamin nono a gindinta. Na ce, wace ƙazama ce kuma? Na zubar, na ƙona ta da tafasasshen ruwa, na dirje, na kife a rana.

Sai ga Malama da Goggo sun fito daga ofis. Malama ta dafe kai.

"Iya Talatu, me kika yi?"

"Aikina, ranki ya daɗe."

Goggo ta ɗauki ƙwaryar, ta shinshina. Ta ce, "Tun zamanin uwata irin nan bai yanke ba. Shanu sun tafi kudu, ba ni da wani a gida."

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga, da na sami sauƙi.

A aikin nan, ku tambayi mai kaya kafin ku zuba ruwa.

Malama ta koma Kano da kwalabenta wayam. Shugabarmu ta ce ita ce ba ta gargaɗe ni ba, ba a kore ni ba. Goggo ta aro iri wurin maƙwabta da damina, amma ta ce nonon bai sake zama nata ba. Allah Ya yi mata rasuwa. Na je gaisuwa, 'yarta ta dama mini fura. Na riƙe ludayi, na kasa kaiwa baki.