Yatsun Yaya Umaru

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Umaru, maɗinkin babbar riga a kasuwar Boɗinga, kuma har yau ban gaya wa Innarmu abin da na sani ba.

Ciwon daji ne ya kama shi. Maganin da ake ɗura masa a Sakkwato ya fara cin ciwon, amma ya haɗa da jijiyoyin yatsunsa. Allura ta riƙa shiga fatarsa bai ji ba, sai ya ga jini a kan shadda. Ran da ya kamata a yi masa ɗuri na biyar, na je garin Shagari sai ga shi a rumfar wani abokinsa, ya duƙufa kan wuyan riga. Ashe tun na uku ya daina zuwa. Na hau shi da faɗa. Ya ce, "Bello, wanga magani ya ci min hannu. In na warke ba yatsu, mi zan yi da warkewar? Don Allah kada Inna ta ji." Na rufa masa asiri. Wata takwas ya ƙara a duniya.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma wallahi bana na karanta abin da ya tsaya mini a wuya. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani sinadari, NAD, da jijiya ba ta rayuwa sai da shi. Idan ya gama aiki ba a zubar da ragowarsa. Wani ma'aikacin jiki da ake kira NAMPT ne ke tattara ta ya sake ƙera sabo, kamar yadda Yaya ke haɗa ƙyallaye ya fitar da hular yaro. To, masana sun samo sinadaran da ke ƙara wa ma'aikacin nan kuzari, kuma a jikin ɓeraye sun kare jijiya daga ɓarnar irin maganin da aka ɗura masa.

Ɓeraye fa! Da yana nan da ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko, a gaida ɓeran." Da gaskiyarsa. Abin bai zama maganin mutane ba tukuna, har wasu na tsoron ya ciyar da dajin kansa. Ba zan ce da ya cece shi ba. Ina dai jin haushi cewa an sa mutum zaɓi tsakanin hannunsa da ransa, ni kuma na taya shi zaɓa da bakina a rufe.

Rigar da na same shi a kanta tawa ce. Aikin dama sumul, na hagu ya karkace, da ɗigon jini biyu da wanki ya kasa fitarwa. Duk Sallah nake sa ta. Bara Inna ta shafa wuyan ta ce, "Allah Sarki, da maganin ya karɓe shi da ya gyara wannan." Na ce mata, "Haka ne, Inna."