Kawu Bitrus da Tsanin Majami'a

Ku da kuka zauna a Kafanchan kun san Kawu Bitrus ba ya fita babu tef a aljihu. Shekara talatin ya yi yana bin layin dogo a ƙafa, yana auna tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Shi ya yi ritaya, amma tef bai yi ba. Ka ce masa, "Kawu, jiya na ga kifi ya kai tsawon hannuna," sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Wa ya auna?" Doya a kasuwa sai ya auna. Kabari ma, idan an haƙa, sai ya zura tef kafin a sauke gawa.

Ni Rifkatu na fi kowa ɗanɗana wannan hali, don a gidansa na zauna ina fom uku, a shekarun saba'in ɗin nan. Babana manomin citta ne a Kwoi, kuma ya riga ya yanke hukunci: idan ban ci hamsin a lissafi ba a ƙarshen zango, in ɗauko akwatina in dawo gona, shi hannu yake nema. Ni kuwa da lissafi ba ma shiri ko kaɗan, musamman tambayoyin nan masu zuwa da labari. Kawu ya ce, "Kawo shi nan. Lissafi ai awo ne kawai."

Na karanta masa ta farko. Jirgi ya tashi daga Kafanchan yana gudun mil talatin a awa, wani ya taso daga Kaduna yana gudun arba'in. Ƙarfe nawa za su haɗu?

Kawu ya ajiye kofin shayi. "Su haɗu? A ina?"

"A hanya, Kawu."

"Layi ɗaya ne fa! Wa ya ba su sigina?"

"Misali ne kawai."

"Misali da ran mutane? Rubuta: ba za su haɗu ba. Ɗaya zai tsaya a tasha, ɗaya ya wuce."

Na rubuta. Ticha Markus, malaminmu na lissafi, ya zana mini sifili mai girman ƙwai. Washegari Kawu ya sa kwat ya tafi makaranta, ya tambayi ticha ko ya taɓa ganin inda jirgi ya yi karo. Ticha ya ce a'a. Kawu ya ce, "Shi ya sa," ya juya ya dawo gida.

Aljebra kuma nan ne ya fi tayar da hankalinsa. Uba ya ninka shekarun ɗansa sau uku, idan an haɗa arba'in da takwas, a nemo shekarun ɗan. Na ce, "Za mu ce ɗan shi ne x."

"Wanene x? Mutum ba shi da suna? Sa masa Dauda."

Daga ranar kowane x ya koma Dauda. Dauda uku a haɗa da Dauda ɗaya, Dauda huɗu. Abin mamaki, sai abin ya fara shiga kaina! Matsalar kawai, akwai wani ƙaton Dauda mai gemu a ajinmu, kuma ranar da na miƙe na ce wa ticha, "Sa, Dauda shekararsa goma sha biyu," sai da aka riƙe shi.

Amma maganar tsani ce ta kai mu gaban dattawa. Littafi ya ce tsani mai ƙafa goma sha uku ya jingina da bango, gindinsa ƙafa biyar daga bangon, a faɗi inda kansa ya kai. Kawu ya ce ba zai yarda da tsanin takarda ba. Ya je ya aro na majami'a, ya auna, ya tarar ƙafa goma sha biyar ne. Kafin matarsa, Mama Saraya, ta fito daga kicin, ya sa zarto ya datse ƙafa biyu. Ya jingina shi, ya sa na hau da tef. Goma sha biyu cif! Na sauko na buga a takarda yadda ticha ya koya mana, sai ga goma sha biyu. Ranar na fara yarda cewa abin da ke cikin littafi yana nan a duniya.

Ranar Asabar aka zo gyaran rufin majami'a, tsani ya ƙi kaiwa. Fasto ya kira Kawu gaban dattawa ya ce, "Baba Bitrus, me ya sami tsanin Ubangiji?"

Kawu ya ce, "Fasto, tsani yana nan lafiya. Ginin ne kuka yi shi dogo, ba wanda ya auna."

Da zango ya ƙare na ci arba'in da shida. Daga sifili zuwa arba'in da shida fa, amma ba hamsin ba ne. Babana ya zo da kansa, lokacin tonon citta ya kama. Ina ɗaki ina kuka ina naɗe tabarmata, na ji Kawu yana cewa, "Baban Rifkatu, hannu nawa kake nema?"

"Hannu biyu."

"Ga su. Yarinya zai zauna, ni zan je." Haka Hausar Kawu take, mace ma "shi" yake ce mata.

Tsoho mai ciwon gwiwa ya hau bayan akori-kura ya tafi Kwoi. Kun san sauran. Ya auna kunya ya ce a karkace take. Ya auna iyakar gona ya ce maƙwabci ya shigo da ƙafa huɗu, har sai da mai unguwa ya shiga tsakani. Cittar da ake tsagawa a shanya, ya ce sai an jera ta layi-layi. Sati uku Babana ya ɗaga hannu ya ce, "Don Allah ka koma Kafanchan. Ta yi karatu har ta gaji, ni dai ka bar mini gonata."

Haka na zauna a makaranta, har na zama malamar lissafi na koyar shekara da shekaru. Wannan labarin mun sha dariyarsa a kowace Kirsimeti, shi ma yana taya mu.

Sai bayan mun binne shi Mama Saraya ta gaya mini abin da ban sani ba. Da ya dawo daga Kwoi, wata guda ya yi ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi, ita ke gasa masa baya da ruwan zafi bayan na tafi makaranta. Ya ce mata, "Kada ki gaya wa yarinya. Idan ya ji, zai ce zai koma gona."

Ban taɓa yi masa godiya a kan wannan ba, kuma har yau abin yana cina. Ya Ubangiji, bawanka Bitrus ya ba da bayansa domin 'yar ƙanwarsa. Ka ba shi hutawa a wurinka, ka kuma isar masa da godiyar da na makara ban yi ba. Amin.