Inna Asama'u da Hannayen Luba

Da hantsi, kafin a buɗe ɗakin shan magani na ƙauyenmu da ke kusa da Kunci, Inna Asama'u ta riga ta share gindin darbejiyar da ke bayansa ta shimfiɗa tabarma. Ita ba ta zama a kai. Ko kunu a tsaye take sha, idonta na kan hanya. Ta ce daga tafiyar mutum take fara gane ciwonsa: ga wanda ya ɗage kafaɗu har kunne, ga wadda ke riƙe numfashi kamar mai ɓuya.

Ma'aikaciyar lafiya ce, da allura da awon ciki ta fara. Daga baya aka tura ta kwas Kano kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ta dawo da maganar da ta ba mu dariya. Wai baƙin cikin da baki ya kasa faɗa jiki ne ke ɗauka, kuma ta jikin ake sauke shi, da numfashi da miƙa da tattaki. A watan nan za ta yi ritaya. Tun da na ji na kasa samun sukuni.

Labarin Luba zan ba ku, da izininta. Ƙanwar matata ce, a gabanmu aka yi komai.

Luba mai ƙuliƙuli ce. Wata damina zazzaɓi ya kama jaririnta, mijinta Sabiru ya ɗauke su a babur zuwa babban asibiti. Kafin su fita daga gonaki, a wajen wata gada, yaron ya cika a hannunta, ba ta gaya wa Sabiru ba har suka isa. Aka yi zaman makoki ba ta zubar da hawaye ba, ana ta yabon haƙurinta. Sai dai hannayenta sun ƙi miƙewa. Sun lanƙwashe a ƙirji kamar har yanzu tana rungume da shi. Ba ta iya matsar mai, zani ma sai an ɗaura mata. In 'yarta Tahira ta miƙo hannu a ɗauke ta, sai ta juya mata baya ta hau zagaye tsakar gida. An yi hoto, ƙashi lafiya lau. An yi tofi, an sha rubutu. Dangin miji suka fara ƙus-ƙus a mayar da ita gidansu.

Da Sabiru ya kai ta wurin Inna Asama'u ya ji an ce tattaki za a fara, sai ya ɓata rai.

"Inna, magani na kawo ta a ba ta, ba yawo ba."

"Malam Sabiru, ka riƙe addu'a, ita ce gaba. Ni dai ka bar min ita da safe. Hannun nan bai karye ba, riƙo yake yi."

Haka suka riƙa bin hanyar da ta ratsa gonakin dawa, kafaɗa da kafaɗa. Inna Asama'u ba ta tambayi Luba komai ba. Sai dai ta ce, "Ji ƙasa a tafin ƙafarki. Saki numfashi a hankali." Wata rana ta sa ta jingina kafaɗa da rumbu ta tura. Jikin Luba ya ɗauki ɓari, ta fusata ta daina zuwa. Inna Asama'u ta bi ta gida.

"Ki rabu da ni, Inna."

"Na rabu da ke yau. Gobe zan biyo."

Ta kuwa biyo, ta sake biyowa, har Luba ta ɗauki mayafi.

Da kaka ta yi, sai Inna Asama'u ta naɗe ƙullin gero a zani ta ɗora mata a hannu. Ta ce, "Riƙe shi yadda kike so. In kin gaji, ga nawa hannun." Matata na wurin. Ta ce Luba ta fara jijjiga ƙullin a hankali, can sai ta ce, "Inna, tun a wajen gada ya yi sanyi. Na ce in na ƙanƙame shi zai dawo." Kukan da ta yi har maƙwabta sai da suka leƙo. Da ta lafa, ita da kanta ta miƙa ƙullin.

Hannun hagu ne ya fara sakewa, na dama ya ɗauki lokaci. Yau Luba tana matsar mai, tana cilla Tahira sama ta cafe. Har yanzu ƙarar babur kan ɗage mata kafaɗu, amma ta san yadda za ta sauke su.

Inna Asama'u, ke ce ba ki taɓa cewa haƙuri kawai ki sallami mutum ba. Ke ce kika raka masu buƙatar likita har Kano, ba ki riƙe abin da ya fi ƙarfinki ba. Ruwan sanyi mai kashe gobarar ciki, mun gode. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Abin da ke damuna shi ne har yau ba a turo madadinta ba, ga gidaje cike da masu ciwon da hoto ba ya nunawa. Na faɗa mata haka, ta ce, "Aiki zan ajiye, Malam, ban mutu ba. A turo min masu son koyo."

To, 'yan matanmu da ke makarantun aikin jinya, kun ji. Gidanta na bayan masallacin Juma'a, mai jan ƙyaure. Ku je tun tana da ƙarfin nuna muku da hannunta.