Tarkon Abban Hauwa

Jiya ina gyaran gida na ci karo da tarkon marigayi maigidana, duk ya yi tsatsa. Sai na nemi wuri na zauna.

Farkon zuwanmu Stratford ta Ingila ne, a shekarun casa'in. Maƙwabcinmu, wani tsohon Bature, ya ja mu kogi kamun kirafish, manyan nan masu hannu irin na ƙaguwa. Maigidana ɗan masunta ne daga Yawuri. Da ya zazzage tarko, sai ya ware masu ƙwai zai mayar ruwa, yadda mahaifinsa ya koya masa.

Baturen ya riƙe hannunsa. "Kar ka mayar. Daga waje aka kawo su, suna ƙarar da na gida."

Maigidana ya daɗe yana kallon wata mai ƙwai a tafinsa, sannan ya juyo gare ni.

"Maman Hauwa, yau zan saɓa wa Baba. Ki dafa su da kyau, kar su tafi a banza."

Na yi farfesu, Baturen ya ci har da hawayen yaji.

Har Allah ya karɓi abinsa, maigidana yana kai tarkon nan kogi, amma bai taɓa cin mai ƙwai ba. Ni yake tura wa.

Ku fa, wace koyarwar gida kuka ajiye a ƙasar mutane, ranku bai so ba?