Mama Kiprono da Ruwan Kericho

Kafin Mama Kiprono ta taɓa na'urar kowa, sai ta fara zuba masa shayi. Daga nan ta kare bakinta da kwali ta yi magana, don kada a yi mata wayo da karanta leɓe. Aikinta ke nan a ɗakin gwajin ji har furfura ta cika mata kai: daidaita na'urar da ake dasa mana a cikin kunne. Likita yakan dasa ya tafi. Ita ke zama da mu.

Na'urar tana ba da sauti, amma a cakuɗe, siririyar murya da kakkaura duk a dunƙule. A ɗaki shiru muna ji. A cikin hayaniya kuwa, yawancinmu murmushi muke yi muna gyaɗa kai.

Cherotich, ɗaya daga cikinmu, ba ta iya wannan murmushin ba. Malama ce a makaranta mai rufin kwano, a Kericho, garin da ruwa ke sauka kusan kullum da yamma. Da ya fara dukan kwano, muryoyin yara sai su narke mata. Shugaban makaranta ya ce ba ƙiyayya ba ce, amma ƙarshen zango za a karɓe ajin a mai da ita ɗakin littattafai.

Gwajin asibiti ya ce lafiyarta ƙalau. Mama Kiprono ta ce ai ba a ruwa a asibiti. Ta naɗe kwamfutarta a leda, ta hau acaɓa zuwa makarantar, ta zauna a bencin baya na ajin tana jiran hadari. Ruwa na saukowa ta rage kaurin sautin na'urar Cherotich, ta ƙara kaifinsa, mako na zagayowa ta dawo ta sake.

"Mama, kaina zai fashe," in ji Cherotich.

"Zai fashe, 'yata, amma ba yau ba. Juya bayanki ki gaya mini wa ke magana."

Kafin zango ya ƙare, ana tsuga ruwa, shugaba ya tsaya a bakin taga. Cherotich na rubutu a allo, wata yarinya ta yi tambaya daga baya. Malamar ta amsa, ta kira sunanta, ba ta waiwaya ba. Ajin na hannunta har yau.

Mama Kiprono, ke ce kika ƙi barinmu da ji a ɗaki shiru kaɗai. Kin yi ritaya, Mama, mun gode. Ku da kuka gaji kujerarta, ba tausayi muke nema ba. Ku fito ku same mu inda ake hayaniya.