Yadda Birki Ya Ajiye Makulli

Yayana direba ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan babbar mota bai taɓa goge fentin kowa ba, shi ya sa abokan aikinsa suka raɗa masa suna Birki. Da ya bar aiki ya sayi ƙaramar mota, zama kuwa ya gagare shi. Yakan fita da safe ba tare da yana da wurin zuwa ba, ya zagaya gari, ya dawo ya wanke motar da ba ta yi datti ba, ya sake fita.

'Yarsa, wadda take aikin jinya, ita ta fara lura idonsa na hagu ya yi rauni. Ta nemi ya ba ta makullin motar, ya ce sai dai bayan ransa.

Kusa da rumfar da nake facin taya akwai shagon wasanni. A ciki akwai kujeru biyu, kowace da sitiyari da totur da birki, da allo a gaba. Wasan tseren ƙananan motoci ne, an tattaro matuƙansu daga finafinan zane iri-iri: kyanwa mai hular soja, mutumin ƙarfe, kuku da ludayinsa, da wani kada mai tabarau. Ranar da Yaya ya leƙa, ya daɗe a tsaye yana kallo.

Ya ce, "Wa ya ba kyanwa lasisi?"

Mai shagon ta ce, "Zauna ka ƙwace mata, Baba."

Tun daga ranar kullum sai ya zo. Kuku yake zaɓa, domin a cewarsa shi kaɗai ya yi kama da mai iyali. Amma tuƙin titi yake yi. Yana riƙe hannunsa, yana taka birki a kowace kwana, yana ɗaga kai neman madubin da babu shi. Wasan yana ba kowa abin jifan abokan tsere, shi kuwa bai taɓa jifan kowa ba. Cikin motoci takwas kullum shi ne na takwas. Yakan tashi, ya zagaya rumfata, ya duba motarsa, ya koma ya zauna.

Wata rana da hantsi 'yar ta same shi a can, da kayan aikinta a jikinta, ta sake ta da zancen.

Ya ce, "Ga kujera nan. In na riga ki, kada in ƙara jin maganar makulli."

Ta dube ni ta ce, "Baffa, kai ne shaida."

Ran nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Yaya ya manne totur, ya yanke kwana, har ya jefi mutumin ƙarfe. Ita kuwa, da yake ba ta taɓa wasan ba, motarta ta faɗa ruwa sau biyu. Ana cikin haka kadan nan ya ɓullo ta hagu ya buge kuku.

"Daga ina wannan ya fito?" in ji Yaya.

A zagaye na biyu aka maimaita. A na uku ma haka, amma duk da haka ya gama na huɗu, ita ta takwas. Mai shagon ta yi masa tafi. Shi bai saki sitiyari ba, bai kuma juyo ba.

Ya ce, "Ƙanena, kai ka gan shi yana zuwa?"

Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce, "Tun daga kwana, Yaya. Duk sau ukun."

'Yar ta miƙe ta ce, "Ka riga ni, Baba. Na bar zancen."

Ya ce, "A nan kada ne. A titi ɗan wani ne." Ya zaro makullin ya ɗora mata a tafin hannu, ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Yanzu a ƙafa yake zuwa. Har yau zama bai kama shi ba, kuma ina ganin hannunsa yana laluben aljihu. In ya zauna a kujerar nan, kafin kowace kwana yakan juya kansa gaba ɗaya zuwa hagu, ya bar kadan ya wuce.